Tunani na cin mutanenmu a tsaye, muna ta cewa "da sauƙi"

Da kakar 2024, wani kawuna da ke harkar hatsi a kasuwar Sara da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram ya tattara abin da ya mallaka, ya haɗa da kuɗin mutum biyu da suka ba shi juyi, ya sayi masara da dawa ya cika sito. Lissafinsa irin na kowace shekara ne: a saya da kaka, a sayar da bazara ko farkon damina. Sai shekarar ta zo da nata. Tun watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci, kuma da aka shiga 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka maimakon ya hau. Mai saye ya ji daɗi, ni ma ina ciki. Amma wanda ya tara kaya da kuɗin mutane, shi kaɗai ya san yadda darensa yake.

Kawu bai gaya wa kowa ba. Iyalinsa dai sun ga tuwo yana komawa kamar yadda aka kawo shi. Suna jin motsinsa a tsakar gida da ƙarfe biyun dare. Mutumin da aka sani da barkwanci ya koma yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da na je gaishe shi na ce, "Kawu, lafiya kuwa? Na ga ka faɗa." Ya ce, "Lafiya lau, ɗana, zafin nan ne kawai." Ciwon kai kuwa, wanda yake kama shi ta ƙeya, kullum sai ya aika yaro kemis a haɗo masa magani.

Wata rana da asuba buta ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace. Aka nemi mota aka kai shi asibiti a Birnin Kudu, awo ya nuna jininsa ya kai 190 bisa 110. Allah Ya yi da sauran kwana, ya tashi, sai dai har yau hannun hagu bai koma daidai ba. Likita ya tambaye mu tun yaushe yake da hawan jini. Muka kalli juna. Shekararsa ta haura hamsin, ba a taɓa auna shi ba ko sau ɗaya.

Ba zan ce damuwa ce kaɗai ta kayar da shi ba. Hawan jini yana da gado a ciki, akwai shekaru, akwai gishiri da ɗanɗanon da muke zubawa a miya ba lissafi. Amma wata shida da ya yi yana haɗiye magana ba barci, ba za a ce ba su yi komai ba. Kuma irin Kawu suna da yawa daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, har Basirka da Fagam: manomin da ya ci bashin taki ya sayar da amfani a ƙasa da abin da ya kashe, wanda ambaliyar 2022 ko ta 2024 ta share wa gona, ɗan acaɓan da tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 yake sayen mai da ninki-ba-ninki, ma'aikacin ƙaramar hukuma da albashinsa ke ƙarewa kafin goma ga wata. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024. A takarda lamba ce. A gida kuwa magidanci ne zaune a zaure yana tunanin yadda zai shiga ciki hannu rabbana.

Abin da damuwa take yi wa jiki ba camfi ba ne. Idan mutum ya gamu da haɗari, a ce maciji ya fito masa a kunya yana noma, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ga wasu ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, suga ya ƙaru a jini, narkar da abinci ta tsaya, duk don mutum ya samu ƙarfin gudu ko faɗa. Da maciji ya wuce sai jiki ya sauka. Matsalar ita ce bashi ba ya wucewa kamar maciji. Kuɗin makaranta, kuɗin haya, kayan ɗakin 'ya, rigimar gado, duk suna nan gobe da jibi, jiki kuma ba ya bambance su da macijin. Sai ya zauna cikin shirin gudu wata da watanni, kamar injin ban-ruwa da aka tayar aka manta ba a kashe ba.

Tun a 1936 wani masani mai suna Hans Selye da ke aiki a Kanada ya bayyana yadda matsi mai tsawo yake lalata jikin dabbobin gwaji. A 2004 kuma wani babban bincike mai suna INTERHEART, wanda aka yi a ƙasashe 52, ya sanya damuwa a jerin abubuwa tara da suka fi janyo bugun zuciya, tare da shan taba da hawan jini da ciwon suga. Ban da wannan akwai rashin barci, ciwon kai da na wuya, faɗuwar gaba, mantuwa, raunin garkuwar jiki, da raguwar sha'awar iyali, wadda maza da yawa suke bin masu maganin gargajiya a kanta alhali tushen yana cikin kai.

Akwai wani kuskure da ya kamata a gyara a nan. Mun saba cewa "tunani ya sa mini olsa". Gaskiyar magana, yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Abu na biyu da ke kawo shi kuwa shi ne magungunan kashe raɗaɗi irin su Diclofenac da Ibuprofen, waɗanda su ne ake cusa wa mutane a ƙullin "haɗi" na ciwon jiki. Ka ga ke nan damuwa tana sa ciwon kai, a sha haɗi kullum a kan yunwa, haɗin ya ci ciki, ya ƙara tayar da jini, ya taɓa ƙoda. Mai kemis ya sayar da abin da aka nema, amma ba a taɓa tushen ciwon ba.

To me ya sa ba ma magana? An raine mu a kan zurfin ciki. Ana cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma namiji ba ya kuka. Ka tarar da mutum a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Wannan tarbiyya tana da kyaunta, ita ce ta hana mu zama masu raki da tallar sirrin gida. Amma mun kai ta inda take kisa. Haƙuri daban, haɗiye ciwo har ya fashe jijiya daban.

Mata ma sun fi shan wannan. Mace tana cikin gida da goyo, da kishi, da ciwon yaro, da miji da ya tafi cirani Legas ko Abuja wata uku ba aike, idan ta kai ƙara gidansu a ce ta koma ta yi haƙuri. Idan ta fara ramewa, ta daina magana, ko ta riƙa firgita da dare, sai a ce iska ce ko sammu. Akwai kuma baƙin cikin da ke kama wasu mata bayan haihuwa, wanda ciwo ne sananne a likitance kuma yana da magani, amma sau nawa aka kai mai jego asibiti a kan ta daina walwala?

Matasa kuwa sun samo tasu hanyar. A watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton binciken da BBC ta yi, amma Tramadol da sauran ƙwayoyi ba su bar gari ba. Ba na kare mai shaye-shaye. Sai dai idan ka zauna da wasu cikin yaran nan, za ka ji labarin takardar difloma da ta shekara biyar a ƙarƙashin katifa, da budurwar da aka aurar saboda ba shi da lefe.

Na san wani zai ce Musulmi ba ya shiga damuwa, rashin tawakkali ne. Ina ganin wannan magana ta fi cutar da mutane a kan ta taimake su. A tarihin Manzon Allah (SAW) akwai shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi. Addu'a da zikiri da sallar dare suna kwantar da zuciya, duk wanda ya gwada ya sani. Amma ba su hana a auna jini ba, kamar yadda ba su hana mai zazzaɓi shan magani ba. Da limamanmu za su ware huɗuba guda a kan haka, da ta fi fastoci dubu na ma'aikatar lafiya tasiri.

Shawarar da ake ji a rediyo, "a rage tunani, a samu hutu", takan ba ni dariya. Wanda sai ya fita zai ci, ina ya ga hutu? Amma akwai abubuwan da ba su fi ƙarfin talaka ba. Na farko awon jini. Minti biyu ne, kuma ba sai an je Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ba, ƙananan asibitoci da kemis da yawa suna da na'urar. Duk baligi ya san lambarsa. Idan an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko sama, a ga likita, kuma idan an ɗora mutum a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Idan kuma baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a nufi asibiti a lokacin. Awannin farko su ne komai, kuma mutumin ƙauyen Gwaram yana da tafiya a gabansa, ba shi da lokacin jiran a gama tofi.

Barci ma magani ne. Baligi yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Mu kuwa sai mu zauna teburin mai shayi har sha biyun dare, mu sha shayi mai kauri da goro, mu kwanta da waya a hannu muna kallon hotunan gawarwaki a Facebook da TikTok, sannan mu tashi da asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, da gishirin da bai kai giram 5 ba a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. Manomi ba ya buƙatar a ce masa ya motsa jiki. Amma mai shago da ma'aikacin ofis da ke hawa babur zuwa masallacin unguwa, da matar da ba ta fita, su ake nufi. Ko da yamma mutum ya taka zuwa wajen duwatsun nan masu zanen mutanen da, da baƙi ke zuwa kallo mu 'yan gari ba mu damu da su ba, ya dawo, ya yi wa zuciyarsa aiki.

Sannan mu rage wa kanmu kayan da muka ɗora da hannunmu. Kayan ɗaki da gara da anko da dina, rabin bashin da ke hana iyaye barci daga nan yake. Ba fetur ba ne, ba dala ba ce, mu ne.

Babban abin dai shi ne magana, kuma a nan ne nake ganin gwamnati tana da aikin da ba shi da tsada. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Asibitin da Jigawa ta keɓe don wannan fanni yana Kazaure, can ɗaya ƙarshen jihar, sai kuma na Dawanau a Kano, kuma sunayen biyun sun zama abin zagi a bakin mutane. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba ta iso asibitin mazaɓa ba tukuna a aikace.

A Zimbabuwe wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fuskanci irin wannan ƙaranci. A 2006 ya fara horar da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, mai damuwa ya zo ya zauna su saurare shi, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Ana kiran shirin Friendship Bench, wato bencin zumunci. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da tsofaffin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Abin da ya fi burge ni, a harshen Shona sunan ciwon "kufungisisa", ma'ana yawan tunani. Daidai yadda muke kiransa. Muna da ungozomomi, da malaman Islamiyya mata, da ma'aikatan lafiya na unguwa, da dattawan majalisa waɗanda ake jin maganarsu. Me zai hana Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta gwada wannan a mazaɓu biyu ko uku na Birnin Kudu da Gwaram? Benci da inuwar darbejiya ba sa buƙatar kwangila. Horo ne da sa ido, da sharaɗin riƙe sirri, domin a garin da kowa ya san kowa, ranar da magana ta fita ranar bencin ya mutu.

Bayan an sallamo Kawu, babban wansa ya tsare shi har ya faɗi abin da ke cinsa. Aka kira mutum biyun da suka ba shi kuɗi, aka zauna a zaure bayan la'asar, aka baje lissafi. Ɗaya ya ce ai shi ma ya san yadda kasuwa ta yi, ya yafe kashi ɗaya cikin uku. Ɗayan bai yafe ko sisi ba, har ya ɗan ɗaga murya, amma ya yarda a biya shi a kaka biyu. Zaman bai kai awa guda ba. Yanzu Kawu yana zuwa Sara ranar kasuwa, ɗansa ne yake ɗaure buhu, shi yana zaune yana ciniki, da ƙwayar hawan jininsa a aljihun gaba.