Civilization VI: Ku raba aiki kafin zagayen farko

A wasan Civilization VI, ƙungiyar da kowa ke son zama jarumi ita ke fara faɗuwa: mutum uku na tara soja, babu mai kula da kimiyya ko zinari.

Labarin Hausa Bakwai ya nuna mafita: Gobir yaƙi, Katsina da Daura kasuwa, Kano da Rano rini. Ku ma ku raba haka. Wanda ya ɗauki Mali ta Mansa Musa ya tara zinari ya tallafa wa sauran. Na bakin iyaka ya yi ganuwa da wuri, na uku ya rungumi kimiyya.

Ku gama shawarar a WhatsApp kafin a fara, domin agogon zagaye da data ba sa jiran gardama.