Ba A Gina Harkar Jirgin Sama Bisa Sa'ar Fasinja

Ɗan kasuwar da ya tashi daga Madakiya ko Kafanchan domin cinikin citta a Legas, sai ya yi doguwar tafiya a mota zuwa Jos, Kaduna ko Abuja kafin ya hau jirgin sama. Da zarar an rufe ƙofa kuwa, ransa da jarinsa sun koma hannun mutum biyu da ke zaune a gaba. Saboda haka yana da haƙƙin sanin abin da zai faru idan ciwo ya kayar da ɗayansu alhali jirgi yana sama.

Irin wannan ya sha faruwa. A ranar 30 ga Disamba, 2013, ciwon zuciya ya kama kyaftin ɗin wani jirgin kamfanin United da ya tashi daga Des Moines zuwa Denver a Amurka. Aka yi cigiyar matuƙi cikin fasinjoji, sai Mark Gongol, hafsan sojan sama, ya fito ya riƙe rediyo, mataimakiyar kyaftin ta sauke jirgin lafiya a Omaha. A ranar 10 ga Mayu, 2022, Darren Harrison, wanda bai taɓa koyon tuƙi ba, ya sauke ƙaramin jirgi samfurin Cessna a Palm Beach, bayan matuƙinsa ya suma, wani jami'in hasumiya yana yi masa jagora ta rediyo.

Waɗannan labarai suna da daɗin ji, amma abin lura shi ne, a babban jirgin fasinja wanda ya sauke shi ƙwararre ne da kamfani yake biya albashi, baƙon kuwa taimako kawai ya yi. Haka aka gani a ranar 10 ga Yuni, 1990, lokacin da gilashin gaban jirgin British Airways ya ɓalle, iska ta fizgi Kyaftin Tim Lancaster har rabin jikinsa ya fita waje. Ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa, mataimakinsa Alastair Atchison ya sauka a Southampton ba tare da an rasa rai ba. Bincike ya nuna cewa kusoshin da aka ɗaure gilashin da su ba daidai da ma'auninsa suke ba. Inda kuma matuƙa biyun duka suka suma saboda ƙarancin iska, kamar jirgin Helios a ƙasar Girka ranar 14 ga Agusta, 2005, ma'aikacin da ya shiga ɗakin tuƙi, duk da yana da lasisin tuƙi, bai iya ceton mutum 121 da ke ciki ba.

Ta fuskar tattalin arziki, matuƙi na biyu tamkar inshora ne: ana biyansa kullum domin ranar da ba a fata. Horar da shi yana cin kuɗi mai yawa, wannan ne ma ya sa wasu masu ƙera jirage a Turai suka yi ta nazarin barin matuƙi ɗaya idan jirgi ya daidaita a sama. Kamfanonin Nijeriya, waɗanda suke karɓar naira amma suke sayen kayan gyara da dala, za su iya jin kwaɗayin irin wannan tsimi. Sai dai arha ba ta ado. Hatsarin jirgin EAS a Gwammaja, Kano, ranar 4 ga Mayu, 2002, ya isa ya tuna wa kowa cewa jirgi ɗaya da ya faɗi yana cinye rayuka, da amanar abokan ciniki, da sunan kamfani gaba ɗaya.

Bisa ga haka, ya kamata Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta tsaya kai da fata wajen binciken lafiyar matuƙa da lokacin hutunsu, gwamnati kuma ta ƙara ƙarfafa Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, domin kada ƙarancin matuƙa ya zama hujjar sassauci.

Su ma 'yan kasuwa akwai darasi a gare su. Shagon da maigida kaɗai ya san littafin bashi da asusun banki, ranar da ya kwanta rashin lafiya ba lallai ne a sami wani Gongol a kusa ba. Horar da mataimaki tun ana lafiya shi ne mafi sauƙin kuɗi.