Wasiƙa Zuwa ga Makanikai a Kan Aikin Kuloci

Ƙannena da 'ya'yana masu sana'ar gyaran mota.

Yabo dai kun cancance shi, kuma ba zan ja shi da tsawo ba. Tsofaffin Golf da Hiace da Canter da ke jigilar mutane da kaya tsakanin Kano da Maiduguri, hannuwanku ne ke riƙe da su, da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba. Allah ya saka da alheri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare a garejoji: a kawo mota kuloci yana sulɓi, a sauke giyabos, a zare faifan da ya cinye, a cusa sabo, a ɗaure, a karɓi kuɗi, ba wanda ya tambayi abin da ya cinye faifan.

Faifan nan ba shi kaɗai yake aiki ba. A matse yake tsakanin filawil da ke bayan inji da farantin matsi, wanda kuke kira firesha filet. Sifirin ɗin farantin ne ke danne shi har ya juya tare da inji ya kai ƙarfi cikin giya. Direba na taka kuloci, sai boris ya tura yatsun sifirin, matsin ya saki, inji ya rabu da giya. To idan sifirin ya sha zafi ya yi laushi, sabon faifai ma sulɓi zai yi, don babu mai riƙe shi. Idan fuskar filawil ta yi tabon shuɗi ko ƙananan tsaga, zafi ne ya ƙona ta, kuma motar za ta riƙa karkarwa duk lokacin da za ta tashi. Idan kuwa faifan ya jiƙe da mai, sil ɗin bayan inji ne ko na bakin giyabos ke yoyo, kuma man da ya kashe tsohon yana nan yana jiran sabon. Duk wannan ana ganinsa a jikin faifan da aka cire, amma sai a wurga shi cikin tarin ƙarafa tun bai huce ba. Wannan ganganci ne da dukiyar mutane, ko da kun kira shi saurin hannu.

Iyayen gidanmu da suka koyi aiki a zamanin da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna, cikin 1975, ba haka suka bar mana sana'ar ba. Yaro bai isa ya yar da tsohon abu ba sai maigida ya juya shi a hannu ya duba. Da tsohon sandan giya suke saita faifai ya zauna a tsakiya, su ɗaure kusoshi kaɗan-kaɗan, wannan da na daura da shi, kuma ba sa barin nauyin giyabos ya rataya a jikin faifai ya lanƙwasa shi. Giris ɗan shafawa suke yi a haƙoran sandan, don sun san in ya yi yawa zai fantsama ya ɓata aikin. Yau kuwa sai a bar wa yaron da bai shekara a gareji ba wannan aiki, maigida na can yana amsa waya. Abin da ciwo.

Na san amsarku: mai mota ba shi da kuɗi, faifai kawai ya saya. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Amma mafi wahala a wannan aiki shi ne sauke giyabos da mayar da shi, kuma wanda ya biya ladan aikin sau biyu, ya sayi faifai sau biyu, motar hayarsa ta kwana a gareji, ba a tausaya masa ba. Shi ya sa kamfanoni irin su LuK da Sachs da Valeo ke haɗa faifai da faranti da boris a kwali ɗaya. Za ku kuma ce kasuwa ta cika da jabu, har tsohon faranti na asali ya fi sabo na bogi. Nan ma kuna da hujja, kuma ban ce dole a canza komai ba. Cewa na yi a duba. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar faranti a ga ko ta karkace, a dubi bakin yatsun sifirin ko boris ya ci su, a juya boris a saurare shi. In suna da lafiya a mayar, in ba su da ita a kira mai mota a nuna masa da idonsa, zaɓi ya zama nasa.

Haka kuma a motoci masu wayar kuloci, ku daina ɗaure ta har ɗan sakin da ke saman feda ya ɓace don kawai direba ya ji kuloci ya yi sama. Faifai na ƙara cinyewa sakin na ƙara raguwa, in babu shi boris zai zauna a kan yatsun sifirin ya rage matsin, sulɓi ya dawo. Direban da ke kwantar da ƙafa a kan kuloci, ko yake riƙe mota da shi a kan tudu, shi ma ku gaya masa kafin ku miƙa masa makulli.

Ku gafarce ni in harshena ya yi kaifi. Allah ya sa albarka a nemanku.