Ya Bar Ƙwaya, Mu Muka Ƙi Barinsa

"Hali zanen dutse." Da wannan karin magana wani dattijo ya rufe zancen aure a Ka'oje makon jiya, ya mayar da goro, mazauna zauren suka gyaɗa kai kamar an karanta musu aya. Yaron da ake nema wa auren ya shekara biyu bai haɗiyi tiramadol ko ƙwara ɗaya ba. Yana noma, yana sallah a jam'i, ya biya bashin da ya ci a lokacin ɓatansa har na mai shayi. Kawunsa ya ce, "Baba, a duba yadda yaron nan yake a yau." Amsar da ya samu ita ce ɗan ƙwaya ba ya tuba, hutu kawai yake yi.

Na ƙi wannan magana, kuma ba zan ɓoye fushina ba.

Wanda ya faɗe ta bai taɓa kwana a ɗaki ɗaya da mai barin tiramadol ba. Ni na kwana. Makon farko gumi ne da zawo da amai, ƙasusuwa suna ciwo kamar an daka su a turmi, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Wannan ma shi ne mai sauƙin. Bayan jiki ya lafa sai zuciya ta ɗauka: watanni mutum ba ya jin daɗin abinci, ba ya jin daɗin hira, abu kaɗan ya fusata shi, dare ya yi ya zauna yana lissafin abin da ya sata a ɗakin uwarsa da irin kallon da ƙannensa suke yi masa. Mutumin da ya ratsa wannan shi kaɗai, babu likita, babu mai ba shi shawara, ya fito da ƙafarsa, shi ne za a ce ba shi da hali?

Za su ce ai wasu suna komawa. Suna komawa mana. Masu binciken shaye-shaye a Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake zamewa, kusan daidai da masu hawan jini. Ban taɓa jin an hana mai hawan jini mata ba. Kuma abin da ke mayar da su sau da yawa mu ne. Ka hana shi aure, ka hana shi jari, ka ɓoye wayarka idan ya shigo, sannan ka zauna jiran ranar da za ka ce "ai na faɗa." Majalisa ɗaya ce ba ta korarsa, ita ce wadda ya baro. Ranar komawar kuwa tana kisa, domin jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da ya saba sha a da.

Ku da kuke kafa hujja da addini, ku koma Bukhari. Akwai sahabin da aka yi ta kawowa ana yi masa haddi saboda giya. Da wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Wannan fa wanda bai ma daina ba ke nan. Haramcin giya kansa mataki-mataki ya sauka. Daga ina muka samo tsananin da ya wuce wannan?

Daga gidan mari muka samo shi, kuma nan ne tsohuwar rigimata da mutanenmu take. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo baya aka ga irinsa a Daura. Mun yi salati, mun tofa albarkacin baki, sannan muka ci gaba da tambayar juna a asirce ina ne ake kai yaro a ɗaure shi. Sarƙa ba ta taɓa cire ƙwaya daga ran kowa ba. Tana tsare ƙafa wata shida, ta sako maka mutum mai ƙullin iyayensa a zuci. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958, amma har yau asibitin tarayya na wannan fanni mafi kusa da mu shi ne na Kware, can gaba da Sakkwato. Talakan da ke Ka'oje ko Lolo, da wane kuɗin mota zai riƙa kai ɗansa ganin likita duk wata?

Sannan a daina yi kamar daga sama ƙwayar take faɗowa. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke shan miyagun ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin. A asibiti tiramadol mai lamba 50 ko 100 ake rubutawa. A tiren mai talla kuwa mai 225 ce. Mai gonar da ke son ɗan ƙwadago ya yi aikin mutum uku a yini ɗaya ya san abin da yaron ya haɗiya da safe. Ɗan siyasar da ke tara samari a bayan mota lokacin kamfe ya sani. Da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, 'yan dako da 'yan kabu-kabu na yankin Tsamiya suka wayi gari babu sana'a, aka yi ta farautar buhun shinkafa, alhali kwalin ƙwaya aljihu yake shiga. Waɗannan masu gona da masu kamfe, babu wanda ya taɓa mayar musu da goro. Su ake ba sahun gaba a wurin ɗaurin aure.

Shekaranjiya na haɗu da yaron a tasha da 'yar jakarsa. Na ce, "Ina zuwa?" Ya ce, "Kawu, Segbana zan tsallaka in nemi ƙwadago, can ba wanda ya san ni." Na roƙe shi ya bari sai bayan girbi. Bai amsa ba, bai kuma sauke jakar ba.