Ina Kingsway Rendezvous Yau?

Jama'a mazauna Ikko, wa ya tuna da Kingsway Rendezvous, wurin cin abincin nan na kamfanin UAC? A 1973 aka raɗa masa wannan suna, a 1986 kuma Mr Bigg's ya gaje shi a Marina. A zamanin, samarinmu kan raina tsire, suna ɗokin nama cikin burodi irin na Turawa.

To, yau ina Kingsway? Sai labari. Amma mai tsire na Obalende yana nan daram, masu motoci na tsayawa ana miƙa masu ta taga.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ƙyalƙyalin kanti ya sa ɗanka ya ji kunyar tukuba. Koya masa sana'ar, ku tsabtace wurin. Allah ya sa mu gane.