Shiga karatun jinya: Shekarun aiki a ƙauye su ma takarda ce

A Nijar, matashin da ya ci jarrabawar Bak a bana yana iya neman gurbin karatun lisans na aikin jinya tun kafin ya taɓa riƙe allura. Ma'aikaciyar lafiyar da ta shekara goma tana karɓar haihuwa a Gangara ko Sae Sabuwa kuwa, idan da takardar BEPC ta shiga aikin, hanyarta zuwa wannan aji ta fi tsawo da wuya. Wannan tsari yana buƙatar gyara, kuma gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi sun isa su nuna dalili.

Karatun aikin lafiya a ƙasar hawa-hawa ne. Mai BEPC yana yin shekara uku ya fito da diplomar ƙaramin ma'aikacin lafiya, wadda aka fi sani da ASB. Mai Bak yana yin shekara uku ya fito da lisans. A ƙarƙashinsu akwai ma'aikatan ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, waɗanda aka yawaita ginawa tun daga 2001 a shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu, da yawansu da horon 'yan watanni suka fara aiki. Mai diplomar ASB da ke son hawa mataki na gaba hanyoyi biyu aka fi sanin masa: ko ya koma ya zauna jarrabawar Bak tare da ƙannensa, ko ya jira konkur ɗin ƙarin girma da ake shirya wa ma'aikatan gwamnati. Hanya ta biyu ta waɗanda aka riga aka ɗauka aiki na dindindin ce. Ɗan kwantiragi da mai aikin sa-kai, komai yawan shekarun da suka yi, a bakin ƙofa suke tsayawa.

Waɗannan mutane ne ke riƙe da lafiyar karkara. A cibiyoyin lafiya na CSI da ke Cadawa, Tibiri, Gidan Sori ko Cadakori, ba kullum ake samun dakta ba. Majo da mataimakansa ne ke duba mara lafiya, su rubuta magani, su yi rigakafi, su kuma yanke shawarar wanda za a ɗora a mota zuwa asibitin gunduma ko babban asibitin Maraɗi. Tun 2006 da gwamnati ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, layin iyaye mata ya ƙara tsawo. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa kan haɗu su cika gadaje a lokaci guda. Jihar ta sha annobar kwalara a 2018 da 2021. Gidan Rumji kuma tun 2019 take karɓar dubun-dubatar 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Gazawa, wadda sai a 2011 aka yanke ta daga Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta, har yanzu tana gina nata ayarin ma'aikata.

Wanda ya ratsa waɗannan shekaru yana aiki ya koyi abin da aji ba ya koyarwa da sauri. Yana gane yaron da ruwan jikinsa ya ƙare tun daga bakin ƙofa. Ya san mai naƙudar da bai kamata ta ƙara awa guda a ƙauye ba. Ya san yadda ake shawo kan maigidan da ya hana a yi wa 'ya'yansa rigakafi. Duk wannan ilimi, idan aka zo tantance takardu, nauyinsa bai kai na takardar Bak ɗin da aka samu jiya ba.

Ko wanda ya haye shingen takarda, akwai na nisa a gabansa. Manyan makarantun lafiya na gwamnati, ENSP Damure Zika da ke Yamai da takwararta ta Damagaram, suna nesa da ƙauyukan nan. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, zuwa Damagaram kuwa ya haura 200. Matar aure mai 'ya'ya huɗu a Gazawa ba za ta kulle ɗaki ta tafi shekara uku ba. Ɗan kwantiragin da ya bar aiki ya tafi karatu ya bar albashinsa ke nan, kuma babu tabbacin zai tarar da gurbinsa. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita a birnin Maraɗi, amma kuɗinsu sai wanda ke da ɗan'uwa a Abijan, Legas ko Turai mai turo masa. Cibiyar da ma'aikacinta ya tafi kuma, marasa lafiyarta ne ke biyan kuɗin rashinsa.

Akwai masu cewa sassauta sharaɗi wasa ne da rayukan mutane, kuma maganarsu tana da tushe. Aikin jinya yana buƙatar lissafin adadin magani, sanin yadda jiki ke aiki, da iya karanta Faransanci na kimiyya. Daɗewa a wurin aiki ba ta wanke kuskure, wani lokaci ma takan mayar da kuskuren ɗabi'a. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne a gwada mutum, a ga abin da ya sani da abin da ya rage masa. Takardar Bak shaida ce ta cewa mutum ya yi karatun sakandare. Jarrabawar shiga da aka tsara ta musamman ga ma'aikata, mai ɗauke da lissafi, ilimin halittu da gwajin aiki a gaban gadon mara lafiya, ta fi kusa da auna abin da ake tsoro a kansa. A ƙarshen karatu kuma kowa ya zauna jarrabawar fita iri ɗaya, ba tare da rangwame ga kowa ba. Ƙofar shiga ce za a faɗaɗa, ta fita ta zauna yadda take.

Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya. A Kenya, daga 2005, ƙungiyar AMREF da hukumar kula da aikin jinya ta ƙasar sun shirya karatu ta kwamfuta don ɗaga ƙananan ma'aikatan jinya zuwa matakin cikakkun masu rajista, suna karatu suna kan aikinsu. A Amurka akwai shirye-shiryen gada da ke ɗaukar mai ƙaramin lasisin jinya, a yafe masa darussan da ya riga ya yi, ya kammala cikin ɗan lokaci. A Faransa, wadda tsarin Nijar ya samo asali daga nata, mataimakin ma'aikacin jinya da ya yi shekara uku yana aiki yana iya shiga makarantar jinya ta hanyar da aka ware wa ma'aikata, ko da ba shi da Bak. A maƙwabciya Najeriya, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa tana ba masu lasisin jinya damar yin digiri ba tare da sun ajiye aiki ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe da ta zubar da ingancin karatu don ta yi hakan.

Abin da ya dace da jihar Maraɗi ba mai wuyar fahimta ba ne. Ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi su amince cewa diplomar ASB tare da wasu shekaru na aiki, misali uku ko biyar, sun isa mutum ya zauna jarrabawar shiga lisans. A ƙidaya shekarun kwantiragi da na sa-kai idan babban likitan gunduma ya sa hannu a kansu. Wanda ya yi aikinsa a ƙauye mai nisa ko yankin da tsaro ya taɓarɓare a ƙara masa maki. A shirya ajin share fage na 'yan watanni ga waɗanda suka daɗe da barin lissafi da kimiyya. Karatun kansa a raba shi: darussa a Maraɗi na 'yan makonni, sauran ta waya ko kwamfuta, gwajin aiki a asibitocin gundumomin Agye da Gidan Rumji. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da tsangayar kimiyyar lafiya, birnin kuma yana da babban asibitin jiha da cibiyar kula da uwa da yaro, don haka malamai da wurin koyo ba sai an nemo su daga nesa ba.

Wani tsoron shi ne wanda ya samu lisans zai tattara ya koma birni ko ya tsallaka ƙetare. Hakan na faruwa, kuma maganinsa yarjejeniya ce a rubuce: wanda gwamnati ko ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyinsa ya koma gundumarsa ya yi adadin shekarun da aka amince. Ban da haka, matar da gidanta, gonarta da makarantar 'ya'yanta duk suna Cadawa ta fi sauƙin zama a can fiye da sabon ɗan makarantar da aka turo daga Yamai yana ƙirga ranar da za a sauya masa wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa na buƙatar likitoci, ma'aikatan jinya da ungozomomi kusan 45 ga kowane mutum 10,000. Nijar tana can ƙasa ƙwarai da wannan adadi, karkararta kuma ta fi birane ƙamfa. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da rarar ma'aikatan da za ta bari su tsufa a mataki ɗaya.

Matasan birni da 'yan ƙasa mazauna waje suna da abin yi tun kafin doka ta sauya. Mai biya wa ƙanwarsa kuɗin makarantar lafiya ya fara tabbatar da cewa gwamnati ta amince da makarantar, kuma diplomar da za a ba ta ta ƙasa ce. Ƙungiyoyin 'yan asalin Agye, Gazawa da Gidan Rumji da ke tara kuɗi su gina aji ko su sayi motar ɗaukar marasa lafiya, su ware wani abu don karatun ma'aikaci ɗaya daga cibiyar garinsu, da sharaɗin ya dawo. Ƙungiyoyin ƙwadagon ma'aikatan lafiya kuma su ɗora wannan batu a teburin tattaunawa tare da na albashi, domin ɗan kwantiragin da ke Gidan Sori ya san shekarun da yake yi a can ana rubuta masa su.