Shinkafarsu Muke Ci, Tukunyarsu Muke Raina

Yau da masu yatsina fuska nake.

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare tsakaninmu. Da zarar ɗanmu da ke karatu Faransa ko Beljiyam, ko ɗan kasuwarmu da ya je sarin kaya Bankok, ko ɗaya daga cikin ƴan uwanmu mazauna Greensboro can Amurka, ya ce ya ɗauki iyalinsa sun je cin abincin dare wani ɗan gidan abincin ƴan Tailan na unguwarsu, sai ka ji an taso masa. Wannan ya ce ƙarya ce da nuna isa. Wancan ya ce ai mutanen nan ƙwari suke ci. Wani ya ce ya bar tuwon uwarsa ya koma abincin masu bautar gunki. To mai wannan magana, don Allah tashi ka shiga ɗakin ajiyarka, ka juya buhun shinkafar da ke jingine da bango, ka karanta sunan ƙasar da aka rubuta. Sau da yawa in ba Indiya ba ce, Tailan ce. Shekara da shekaru gonarsu ke ciyar da bukin aurenmu da walimar sunanmu, ba mu taɓa yatsina fuska ba. Sai da aka ce ga yadda mai shinkafar ke dafa abarsa, sannan ƙyama ta motsa.

Maganar ƙwari kuwa, mu yi shiru kawai. Mu da ke soya fara, mu barbaɗe ta da tonka da gishiri, mu ƙulla a leda mu aika wa ƴan uwa tsaraba har ƙasar waje? Laifi tudu ne.

Bari in kwatanta wa wanda bai taɓa shiga ba. Gidan da nake nufi ba babban otal ba ne mai ƙofar gilashi da mai gadi. Ɗan shago ne cikin lungu, tebur takwas ko goma, fitila mai sanyin haske, ba kiɗa mai fasa kunne. Mafi yawansu na iyali ne. Uwa na madafa gaban kasko mai zurfi, wuta na huci ƙarƙashinsa. Uba ko ƙane na wajen kuɗi. Ɗiya, wadda ta taso daga lakkwal, ita ke rubuta abin da ka ce. Jikin bango za ka ga hoton sarkinsu, sau da yawa Bhumibol, wanda ya rasu a 2016 bayan shekara 70 bisa gadon sarauta. Za a ba ka cokali a hannun dama, da mai yatsu a hagu don tura abinci cikin cokalin. Tsinkayen nan biyu da kuke gani a fim, ba su faye ɗaukarsu ba sai in taliya ce cikin romo. Kuma ba kowa da nasa ba: ana jera miya uku ko huɗu tsakiyar tebur, kowa ya ɗiba ya zuba bisa shinkafarsa. Wannan ai bai yi nisa da kwano ɗaya da muka tashi a kai ba. A yarensu ma, in za a ce cin abinci, "cin shinkafa" ake cewa, kamar yadda mu ke cewa a zo a ci tuwo ko da taliya aka dafa.

Yanzu ga abincin kansa, don nan ne masu raini suka fi ba ni mamaki. Akwai wanda suke kira som tam. Ɗanyar gwanda ce ake yankawa siriri-siriri, a jefa turmi da tafarnuwa da tonka da tumatir da lemun tsami da soyayyar gujiya, a ɗan daddaka. Ku gaya mini, mene ne wannan in ba kwaɗo ba? Mutanen arewa maso gabashin ƙasar, yankin Isan, suna cinsa da wata shinkafa mai danƙo da ake kawowa cikin ɗan kwandon gora, kuma da hannu suke gutsura, su dunƙula loma, su dangwala. Akwai pad thai, taliyar garin shinkafa da ake soyawa da ƙwai da ruwan tsamiya, a watsa dakakkiyar gujiya bisa. Tsamiya dai tamu ta kunu. Akwai tom yam, romo mai tsami da yaji, da jatan lande, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke jefa wa shayi, da wata saiwa ƴar uwar citta. Zaƙin da ke ciki, daga giginyarsu ko kwakwa suke tatso shi. Abin da ke ɗaure miyarsu kuma shi ne nam pla, ruwan ƙananan kifi da aka cuɗa da gishiri aka rufe wata da watanni. In aka buɗe kwalbar za ka ji wari, ba ƙarya. Amma duk wanda ya taɓa wucewa gidan da ake dafa daudawar batso, ya kuma sha miyar da ta shiga da dare har da neman ƙari, bai kamata ya yi wa kowa gorin wari ba.

Wuri ɗaya ne masu suka ke da gaskiya, kuma ba zan tsallake shi ba: halal. Naman alade na cikin girkin Tailan, sosai ma, kuma gidaje da yawa na sayar da giya. Amma maganin wannan tambaya ce, ba zagi ba. Ga wata ƴar dabara: a yarensu sunan alade "mu", sunan kaza "kai". Sai ka riƙe, ana iya cin kai, ba a cin mu. In kana shakkar yankan kazar, ka tsaya ga kifi da jatan lande, tunda mazhabar Malikiyya da muke bi ta halatta abin da ya fito daga ruwa. Ka tambayi mai gidan ko kasko ɗaya ake soya komai, da kuma abin da aka yi romon da shi. In amsar ba ta kwanta maka ba, ka yi sallama ka fita, ba wanda zai riƙe ka. Kuma a sani, ƙasar nan da ake kira ta masu gunki tana da Musulmi miliyoyi. A jihohin Pattani da Yala da Narathiwat su ne mafiya rinjaye. A 2023 Musulmi majalisar dokokinsu ta zaɓa ya shugabance ta, Wan Muhamad Noor Matha. Jami'ar Chulalongkorn da ke Bankok na da cibiya sukutum ta binciken abincin halal a ɗakin gwaji. Miyar nan tasu mai suna massaman, mai dankali da gujiya da kirfa, sunanta ma daga kalmar Musulmi ya samo asali. Ƴan kasuwarmu masu zuwa sari Pratunam sun san unguwar Nana, sun san a can ba a rasa inda za a ci hankali kwance.

To amma duk wannan ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, masu dariyar nan ba su san me suke yi wa dariya ba. Suna zaton wata baiwar Allah ce kawai ta kafa kasko don neman na cefane. Ɗan shagon nan mai tebur goma yana da gwamnati bayansa. A 2002, zamanin firaminista Thaksin Shinawatra, hukumar Tailan ta fito da shiri na musamman don yawaita gidajen abincinsu a ƙasashen waje. Lokacin suna da wajen 5,500, aka sa burin kai su 8,000. Bankin gwamnati ya ba da bashi ga masu son buɗewa. Aka horar da masu girki. Aka zana wa mutane tsarin gida iri uku, na mai ƙaramin ƙarfi, da na tsaka-tsaki, da na masu hannu da shuni, kowa ya ɗauki daidai aljihunsa. Ma'aikatar kasuwanci ta ƙirƙiro wata alama, Thai Select, da ake liƙawa ƙofar gidan da aka tabbatar girkinsa na gaskiya ne. Kafin a cika shekara ashirin sun haura 15,000. Ita kanta pad thai ɗin da duniya ke ɗauka abincin kaka da kakanni ce, wani shugaban soja ne, Phibun, wanda ya canza sunan ƙasar daga Siam zuwa Tailan a 1939, gwamnatinsa ta tallata ta har ta zama abincin ƙasa.

Me suka gano? Sun gano cewa duk teburin da aka zauna a Paris ko New York, buhun shinkafa mai ƙamshi ne aka saya daga manominsu, da kwalbar ruwan kifi, da gwangwanin madarar kwakwa. Wanda ya ci ya ji daɗi kuma, baɗi shi ne zai yanki tikiti ya je ganin ƙasar. Ba na cewa komai nasu fari ne tas. A 2015 ƴan jarida sun bankaɗo yadda ake bautar da baƙin ma'aikata, yawanci ƴan Bama, cikin jiragen kamun kifi da rumfunan ɓarar jatan lande. Gidaje da yawa na waje kuma sun cika sukari don biyan bukatar Turawa, har ɗan ƙasar ya ci ya yi tsaki. Duk da haka, abin da ke cikin kwanon nasu ne, da sunansa na yarensu, ba su fassara shi ba, ba su ji kunyarsa ba. Baƙo ne ke karya harshe ya koyi faɗi.

Mu fa? Shiga resto ɗin da samari ke kai ƴan mata a Yamai ko Maraɗi, ka karɓi takardar abinci. Shawarma, hambaga, fiza, soyayyen dankali, kaza da mayonez kamar an yi ɓari. Ka ce a kawo maka dambu da zogale ko tuwon hatsi miyar kuka, yaron zai dube ka kamar ka zagi ubansa. Abincinmu na gaskiya yana can bakin tasha wajen mai tuwo-tuwo, ƙarƙashin rumfar kwano, bisa benci, ƙura na sauka. Daɗi kam akwai shi, wallahi ya fi na resto. Amma wa zai ɗauki matarsa da surukarsa ya kai su can su zauna awa guda? Mun raba abin biyu: wuri mai kyau na abincin wasu, abincinmu na wurin da ba a zama. Can Bankok kuwa, wata tsohuwa da ake kira Jay Fai, mai soya ƙwai da ƙaguwa bisa gawayi a ɗan shagonta na bakin titi, ta samu tauraron Michelin a ƙarshen 2017, lambar da manyan masu girkin Faransa ke ƙare rayuwa suna nema.

Kada a ce ai su Asiya ne. A Disamba 2024, a zama ɗaya hukumar UNESCO ta sa tom yam na Tailan da acakke na Kodibuwa cikin kundin al'adun duniya. Cef ɗin Senegal ya riga su shiga tun 2021. Cikin Yamai ɗin nan tamu kowa ya san inda zai samu cef, kowa ya san inda zai samu acakke da kifi. To a Dakar ko Abijan, ina gidan da za a nuna a ce nan ake cin abincin Nijar, da tebur da fitila da suna bisa ƙofa? Kilishinmu da albasar Galmi sun samu rajistar asali, an yi biki, an ɗauki hoto. Albasar na nan tana fita cikin buhu bisa kamyo, ɗanya, wasu su dafa su ci ribar miyar.

Na san akwai mai cewa, malam, talaka na fama da kuɗin tiyar hatsi kana mana zancen resto. Na ji, kuma ban raina wannan ba. Amma wa ke noma zogalen? Wa ke murza cukun, wa ke shanya kilishin, wa ke daka yajin? Ba attajiri ba ne. Gidan abinci ɗaya mai tebur goma da ke cika kullum dare ciniki ne ga mai garka, da mahauci, da mai nono, da mace biyu ko uku da za a biya albashi don abin da tun suna ƴan shekara goma suke yi kyauta. Wanda ya fitar da jaka biyar ya ci dambu zaune cikin mutunci, kuɗinsa bai ƙetare iyaka ba. Wanda ya ci hambaga, rabin kuɗin ya tafi wajen mai kawo fulawa da mayonez daga waje.

Don haka ɗanmu na waje, in ka sake zuwa gidan ƴan Tailan ɗin unguwarku, kada ka ɓoye don tsoron bakin mutane. Ka ci, amma ka buɗe ido. Dubi tebur nawa ne, mutum nawa ke aiki, abinci kala nawa ne cikin takardar, minti nawa ake yi kafin a kawo. Ka lura pad thai ɗin da ka ci yau ita za ka ci wata mai zuwa, ɗanɗano bai canza ba, don an auna komai an rubuta. Mu har yau awon dambu a hannun Hajiya yake, ranar da ta kwanta ciwo shago ya rufe.

Alhazanmu na Maraɗi da ke loda kwantena ta shinkafar Tailan, ku ma da ku nake. Kuɗin kwantena ɗaya ya isa a kama shago, a sa tebur goma da fanka da wurin wanke hannu, a ɗauko mace ɗaya da duk unguwa ta shaida hannunta, a zauna da ita a rubuta awon abinci shida, shida kawai. In kuma akwai wanda ya riga ya buɗe irin wannan a Tawa ko Damagaram ko Dosso, ya faɗa mana unguwar da ƙarfe nawa ake sauke tukunya.